Bayan 18-55, wane lens ya kamata mai ɗaukar biki ya fara saya?

Duk matashin da ya sayi kyamara mai cire lens, ya yi 'yan watanni yana fama da 18-55 ɗin da ta zo da shi, in ya je wajen manya a sana'a neman shawara, kusan amsa ɗaya zai samu: "Je ka sayi fifti." Suna nufin 50mm f/1.8. Shawarar ba ta rasa hujja ba. Da wuya a samu lens mai shan haske kamarsa a kan kuɗinsa. Kamfanin Canon ya fito da samfurin STM, mai motar fokas marar ƙara sosai, a 2015 a kan dala 125, nauyinsa bai wuce giram 160 ba, kuma ran da mutum ya fara ɗaura shi zai ga bayan hoto ya narke, fuskar ta fito ras, irin abin da yake gani a Instagram yana sha'awa. Amma a ganina, ga wanda biki da suna da walima ne hanyar cin abincinsa, kuma kyamararsa mai ƙaramar sensa ce, fifti ba shi ne sayayyar farko ba. Shi ne na biyu. Ɗakin da za ka yi aiki a ciki ne zai gaya maka abin da za ka saya, ba hoton da wani ya ɗauka a filin Allah ba.

Sai an fara da sensa, wato farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, domin lambar da ke jikin lens ba ta da ma'ana ɗaya a kan kowace kyamara. Babbar sensa, wadda masu hoto ke kira ful-firem, faɗinta milimita 36 ne, tsayinta 24. Ita ce a cikin Canon 6D da 5D Mark III da Nikon D750 da Sony a7 III. Mafi yawan masu farawa kuwa ƙarama gare su, irin ta Canon 600D, 700D, 80D, ko Nikon D3300, D5300, D7100, ko Sony a6000. Ƙaramar sensa tsakiyar abin da lens ya hango kawai take ɗauka, gefe-gefen ya tafi a banza. Shi ya sa ake ninka lambar lens da 1.6 a Canon, da 1.5 a Nikon da Sony da Fujifilm, da 2 a ƙananan kyamarorin Olympus da Panasonic. Fifti a kan 700D yana gani ne kamar 80mm a kan 6D. Ya tashi daga lens na yau da kullum ya koma na ɗaukar fuska.

To, mu shiga ɗakin amarya ranar kamu. A ce ɗakin ƙafa 12 ne a kan 12, wajen mita 3.6 ke nan, gado ya cinye kusan rabi, ga akwatuna a jere, ga ƙawaye sun sha anko suna so a ɗauke su gaba ɗaya da amarya a tsakiya. In sun jeru sun kai faɗin mita 3, fifti a kan ƙaramar sensar Canon yana buƙatar ka ja baya kusan mita 7 kafin su shiga duka. Bango ya tare ka tun ba ka yi rabin haka ba. Ko amarya kaɗai kake so daga ɗaurin kallabi zuwa takalmi, sai ka samu wajen mita 4.5. Da 35mm, jerin ƙawayen nan na neman kusan mita 5, har yanzu bai yiwu ba. Da 24mm mita 3 da 'yan kai, wato ka manna bayanka da ƙofa. Da 17mm kuwa mita 2.3 ta wadatar. Abin da ke faruwa ga mai fifti a irin wannan wuri shi ne, ya cire shi ya mayar da 18-55 ɗin da ya raina, a ɗakin da ƙwan fitila ɗaya ne ke ci, ko ma an ɗauke wuta.

Nan ne lissafin haske ya shigo. Lambar da ke bin harafin f tana nuna girman ƙofar da haske ke bi, kuma tana tafiya ne a baibai: ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Lens ɗin da ke zuwa da kyamara an rubuta masa f/3.5-5.6, ma'ana a 18mm yana buɗewa zuwa 3.5, amma da ka zuƙo zuwa 55mm ƙofar ta tsuke ta koma 5.6. Tsakanin f/5.6 da f/2.8 haske ninki huɗu ne. Tsakanin f/5.6 da f/1.8 kusan ninki goma. A aikace, wurin da 18-55 zai tilasta maka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken sensa, zuwa 6400, hoto ya fito da yashi-yashi, kwalliyar da aka biya kuɗi mai yawa a kanta ta dagule, f/2.8 zai ba ka shi a ISO 1600, wanda ko tsohuwar 700D tana iya ɗauka ba tare da jin kunya ba.

Saboda haka abin da nake ɗorawa a gaban fifti shi ne zum, wato lens mai zuƙowa, mai tsayayyen f/2.8 da ba ya tsukewa in an zuƙo, wanda ke farawa daga 17mm. Guda uku ne suka fi yawo a kasuwar kayan hannu. Akwai Sigma 17-50mm f/2.8 mai OS, wato na'urar hana girgiza, wanda ya fito a 2010, ana samunsa da bakin Canon da na Nikon, nauyinsa giram 565. Akwai Tamron 17-50mm f/2.8, kala biyu, mai VC, wato hana girgizar Tamron, da marar VC. Marar VC ɗin ya fi araha, hotonsa yana da kaifi, amma motarsa tana da ƙara, a wajen ɗaurin aure da aka yi tsit ana sauraron liman kowa zai ji shi yana neman fokas. Sai na Canon ɗin kansa, EF-S 17-55mm f/2.8 IS USM na 2006, wanda ya fi su saurin kama fokas da natsuwa, ya kuma fi su tsada, ga shi ya yi suna wajen tara ƙura a bayan gilashin gaba, abin da mai aiki a Kano ko Sakkwato da hunturu ya kamata ya sani tun kafin ya biya. In kuɗi ya tsaya a tsakiya, Sigma ɗin nake zaɓa. In bidiyo ne rabin aikinka kuma makirfon na bisa kyamara, duka ukun sai ka yi hattara, don ba a yi su don fokas marar sauti ba. A nan 18-55 mai STM ya fi su ladabi.

Kada a ɗauka zum ɗin zai ba da abin da fifti ke bayarwa. A 50mm f/2.8 bayan hoto yana dushewa, amma bai kai na f/1.8 ba, kuma idan duhu ya yi duhu fifti ya ninka shi haske sau biyu da ɗoriya. Abin da zum ke sayar maka shi ne, ba za ka rasa hoto ba. Ango ya shigo, abokai sun rufa masa baya, ka buɗe zuwa 17. Uwar amarya ta fara share hawaye da gefen mayafi, ka zuƙo zuwa 50 ba ka motsa daga inda kake ba. A wajen biki babu mai maimaita maka abin da ya wuce, kuma sau da yawa ba ka da ikon kutsawa cikin mata ka matsa gaba ko baya yadda kake so.

Akwai kuma abin da masu yabon fifti ba su cika faɗa ba. A f/1.8, in mutum yana mita 2 daga gare ka, zurfin abin da zai fito da kaifi bai wuce santimita 11 ba a kan ƙaramar sensa. Mutum ɗaya, lafiya lau. Amarya da ango, in ɗaya ya ɗan gota ɗaya, to ɗayan ya tafi. Hoton dangi mai layi biyu kuwa, iyaye zaune a gaba, 'ya'ya tsaye a baya, dole ka tsuke zuwa f/5.6 ko f/8 ka kunna filash, kuma a nan duk fifikon da ka saya ya ƙare. Hajiya ba ruwanta da yadda bango ya narke in fuskar ƙanwarta ta fito dishi-dishi, kuma ita ce mai biyan cikon kuɗin.

Idan kuɗin zum ɗin bai samu ba fa? To, maimakon fifti, mai Nikon ya duba AF-S DX 35mm f/1.8G, wanda ya fito a 2009 a kan kimanin dala 200. A kan ƙaramar sensa yana gani kamar 52mm, shi ne ainihin fiftin mai D3300 ko D5300. Mai Canon ba shi da irinsa a wannan farashi, amma yana da EF-S 24mm f/2.8 STM na 2014, ɗan falalen nan da bai fi murfin kwalba kauri da yawa ba, mai gani kamar 38mm, shiru a bidiyo, kuma yana shiga ɗakin da fifti ba ya shiga. Masu Sony a6000 da 'yan uwanta sun fi kowa gata a nan, don Sigma ya yi musu 16mm da 30mm da 56mm, duka f/1.4. Na 30 ɗin shi ne na kullum, na 56 na fuska.

Wani zai kawo maganar Sigma 18-35mm f/1.8 Art. Gaskiya lens ne na ban mamaki, tun da ya fito a 2013 a kan dala 799 masu bidiyo suka riƙe shi, kaifinsa a buɗe ya wuce na zum-zum ɗin da na ambata duka. Sai dai nauyinsa giram 810, ba shi da na'urar hana girgiza, kuma ya tsaya a 35mm, don haka dole ka haɗa shi da wani. Mai ɗaukar gajerun finafinai ko tallan kaya da kyamara a kan sitan, wannan nasa ne. Mai bin biki daga safe har dare da kyamara ɗaya a wuya, 17-50 ya fi masa.

Tunda an taɓo hana girgiza: Canon na ce masa IS, Nikon VR, Sony OSS, Sigma OS, Tamron VC, abu ɗaya ne. Rawar hannunka yake gyarawa, ba motsin wanda kake ɗauka ba. In amarya na zaune ana yi mata lalle, zai bar ka ka ɗauka a saurin 1/15 na daƙiƙa hoto ya fito tsaf. In ƙawaye sun shiga fili ana liƙi, ko lens ɗin ya fi kowane hana girgiza, sai ka kai 1/200 ko sama, kuma hasken da zai ba ka wannan sauri daga girman ƙofa zai fito, ko daga filash.

Idan babbar sensa gare ka

A nan lissafin ya juya, fifti ya koma fifti, kuma shawarar manya ta zauna daidai. Gardamar masu 6D da 5D da D750 a wani wuri take: 24-105mm f/4 (a Nikon 24-120mm f/4) ko 24-70mm f/2.8?

Na farkon ya fi yawa a hannun mutane saboda tare da kyamarar ake sayar da shi, don haka na hannu ya yi araha. Yana da hana girgiza, kuma 105mm ɗin nan yana ceto idan an hana ka matsawa kusa da babban tebur. Na biyun ya ninka shi haske sau biyu, ya kuma ninka shi kuɗi fiye da haka: Canon EF 24-70mm f/2.8L II ya fito ne a 2012 a kan dala 2,299, kuma ba shi da IS. Ra'ayina, mai aiki da filash a mafi yawan lokaci, kamar yadda ake yi a zaurukan dina inda fitilu shuɗi da ja ke wasa a fuskokin mutane, f/4 ya ishe shi, don babbar sensa tana jure ISO 3200 ba tare da ta ɓata fata ba. Rarar kuɗin ya sa a 85mm f/1.8. Na Canon a 1992 ya fito, har yau yana fitar da hotunan kafin biki da babu wanda zai kalla ya ce ba da lens mai jan zobe, wato jerin L masu tsada na Canon, aka ɗauka ba. Laifinsa da aka sani shi ne, a buɗe yana sa wani shunayya-shunayya a gefen abu mai ƙyalli, kuma kayan amarenmu duwatsu ne da sarƙoƙi. Tsuke shi zuwa f/2.5, yawanci ya wuce.

Masu Sony a7 III suna da hanya ta uku da ta rage wa wannan gardama zafi, wato Tamron 28-75mm f/2.8 da ya fito a 2018 a kan dala 799, nauyinsa giram 550. Abin da aka yanke masa shi ne milimita 4 ɗin nan na farko, kuma a ƙaramin ɗaki tsakanin 24 da 28 ba wasa ba ne, kusan mutum guda ne a layi.

Akwai masu ajiye zum gaba ɗaya su riƙe 35mm da 85mm. Hotunansu sukan fi kyau, ba musu. Amma tsari ne na mai kyamara biyu. Da kyamara ɗaya, rabin bikin zai wuce kana cire wannan kana ɗaura wancan.

Farin dogon nan

Babu lens da ke cin zuciyar masu hoto kamar 70-200mm f/2.8. A Canon fari ne, dogo, kuma in ka ratayo shi masu gadin ƙofa kan buɗe maka hanya ba tambaya. Ba zan ce wannan ba shi da amfani a kasuwa ba, masu biki ma da ido suke auna mai hoto. Aikinsa kuma ba a magana: samfurin IS II na 2010 har yanzu yana cikin mafi kyawun abin da za a ɗaura wa kyamara. Amma nauyinsa kusan kilo ɗaya da rabi ne, farashinsa na farko dala 2,499, kuma a kan ƙaramar sensar Canon yana farawa ne daga abin da ya kai 112mm. A cikin gida ba shi da wurin zama. A zauren biki yana da kyau wajen ɗauko fuskoki daga nesa, amma aikin da yake yi a nan bai fi ƙaramin kaso na hotunan da za ka miƙa ba. Wanda ya tara kuɗin shekara ya zuba a kansa alhali 18-55 ne kaɗai abokin rakiyarsa, ya yi wa sana'arsa gurguwar dabara.

Inda ake buƙatar tsawo da gaske shi ne fili: hawan sallah, wasan ƙwallo, sukuwa, folo, taron siyasa. Ɗauki hawan Daushe a Kano, ko hawan Bariki a Katsina. Dawaki na tahowa a guje domin jahi, dogarai na kora mutane baya, ba ka da zaɓin wurin tsayuwa sai inda ka samu. Abu mai daɗi shi ne rana tana nan, don haka f/2.8 ba dole ba ne. Canon EF-S 55-250mm IS STM, mai giram 375 kacal, yana kaiwa inda 400mm ke kaiwa a babbar sensa, kuma a f/8 da rana hotonsa zai ba ka mamaki, za ka ƙirga zaren da ke jikin alkyabba. A Nikon takwaransa shi ne AF-P DX 70-300mm, amma ka tabbata mai VR ne, don akwai marar shi kuma kamanninsu ɗaya. Mai babbar sensa ya duba 70-200mm f/4L, wanda bai kai rabin nauyin yayansa ba. Inda babban ke nuna kuɗinsa shi ne idan hawa ya ja zuwa dab da magariba, ƙura ta tashi ta haɗu da raguwar haske, kana neman 1/1000 don tsayar da ƙafar doki a sama. In sau biyu ne a shekara kake wannan aiki, ƙaramar sallah da babba, haya za ka yi wajen abokin sana'a, ba saya ba.

Wanda zan ce a kauce masa shi ne Canon EF 75-300mm, wanda ake yawan cusa wa masu farawa a matsayin gyara idan sun sayi kyamara. Ba shi da IS, a 300mm hotonsa laushi gare shi, kuma ɗan abin da za ka ƙara ka samu 55-250 bai taka kara ya karya ba. Masu sha'awar tsuntsaye a dausayin Haɗeja da Nguru ko namun dajin Yankari kuwa, 250mm ma kaɗan ne, sai 150-600mm na Sigma ko Tamron, mai nauyin wajen kilo 2. Wannan wata sana'ar ce daban.

Kowace tukunya da murfinta

Kafin kuɗi su fita, ka san bakin kyamararka, wato wurin da ake ɗaura lens, don a nan ne aka fi tafka asarar da ba ta da dalili. Canon kaɗai yana da baki iri-iri. EF, wanda aka fara a 1987, yana hawa kowace DSLR, wato kyamara mai madubi a ciki, ta Canon. EF-S na ƙaramar sensa ne, ba ya ɗauruwa a kan 6D ko 5D. RF na kyamarori marasa madubi ne da aka fara a 2018, ba ya hawa DSLR ko da adafta. Akasin haka kuwa yana yiwuwa: lens ɗin EF da EF-S suna aiki lafiya a kan kyamarorin R masu bakin RF ta hanyar adafta, fokas da komai. Sai EF-M na M50, kyamarar da masu bidiyon YouTube suka saya da yawa. Kamfanin ya daina wannan layi, kuma lens ɗinsa ba sa hawa R ta kowace hanya. Mai M50 da ke tunanin canza kyamara nan gaba, gara ya sayi adafta ya riƙa tara EF.

Tarkon Nikon ya fi ɓuya, don bakin F ɗin tun 1959 yake, kusan komai yana ɗauruwa, sai dai ba komai ke aiki ba. Kyamarorin D3000 da D5000 da duk jerinsu ba su da motar fokas a jikinsu. In ka sayi tsohon AF 50mm f/1.8D saboda ya fi araha, zai hau, zai ɗauki hoto, amma da hannu za ka riƙa murɗa fokas har abada. Wanda kake nema shi ne mai AF-S, wato 50mm f/1.8G. A ɗaya gefen kuma, sababbin masu AF-P ba sa aiki a kan tsofaffi irin D90 da D3100 da D5100. Adaftar FTZ da ke kai lens ɗin F kan kyamarorin Z marasa madubi ita ma ba ta juya fokas ɗin masu D.

Shin akwai hikima a zuba kuɗi a lens ɗin DSLR yanzu? Tun 2020 Canon da Nikon ba su fito da sabuwar DSLR ba, hankalinsu ya koma kan marasa madubi. A wajena wannan dama ce. Masu hoto a Turai da Amurka da Japan suna sauke tsofaffin kayansu, kasuwar hannu ta cika, kuma gilashi mai kyau ba ya tsufa yadda kyamara ke tsufa. Abin lura ɗaya: in kana da niyyar komawa babbar sensa nan kusa, kada ka tara lens ɗin ƙarama da yawa. 17-50 ɗin da na yaba, ran da ka sayi 6D sai dai ka sayar da shi. Fifti da 85 kuwa za su bi ka duk inda ka koma, wannan maki ne a gare su. Wanda bai sayi kyamara ba tukuna kuma ya sani cewa bakin E na Sony ya fi kowanne yawan lens na wasu kamfanoni, Sigma, Tamron, Samyang, Viltrox, yayin da Canon sai a 2024 ya bar Sigma da Tamron suka fara yi wa RF, shi ma na ƙaramar sensa. Arahar kyamara a ranar saye ba ita ce arahar tafiyar ba.

Mafi yawanmu na hannu za mu saya, ko a Computer Village da ke Ikeja, ko Banex a Abuja, ko shagunan Kano, ko wajen masu tallatawa a Instagram da WhatsApp. Ka je da kyamararka da batir a cike, kada ka yarda da gwaji a kan ta mai shago kaɗai. Cire murfin gaba da na baya, ka kunna fitilar waya, ka haska ta baya kana leƙawa ta gaba a karkace. Ɗigo-ɗigon ƙura za ka gani ko a lens mai wata uku, ba ya fitowa a hoto, amma ka nuna wa mai kaya ko ya rage maka wani abu. Abin gudu shi ne farin zare-zare mai rassa kamar yanar gizo-gizo, yawanci daga gefen gilashi yake farowa. Funfuna ce, tana yaɗuwa, in ta daɗe tana cin rufin gilashin, kuma kayan da suka zauna a wuri mai laima kamar Legas ko Fatakwal sun fi kamuwa. Haka in ka ga wani hazo-hazo ya lulluɓe gilashin ciki, ajiye shi. Ƙarce a gilashin baya ya fi na gaba illa nesa ba kusa ba.

Daga nan ka murɗa zoben zum daga farko zuwa ƙarshe a hankali, ka ji ko yana cijewa a wani wuri ko yana ƙarar yashi. Dubi zoben gaba inda ake ɗaura filta, in ya lotsa, lens ɗin ya taɓa faɗuwa, ko mai shi ya rantse. Ɗaura shi, ka sa fokas a kan abu na kusa, sannan na nesa, ka maimaita sau da yawa, a farkon zum da ƙarshensa. Motar da ta fara gajiya takan yi ƙugi ko ta tsaya tana kai-komo. Ka ɗauki hoto a f/16 ma, ba a buɗe kaɗai ba, don akwai lens ɗin da ke aiki lafiya a buɗe amma da an tsuke ƙofa kyamara ta nuna kuskure, alamar wayar ciki ta fara tsinkewa, kuma tsohon 24-105 na Canon an san shi da wannan ciwo. Sai ka samu bango mai rubutu ko jarida a manne, ka tsaya daidai saitinsa, ka ɗauka a buɗe, ka faɗaɗa kusurwoyi huɗun a allon kyamara. In uku sun fito ɗaya ta dushe, gilashin ciki ya goce. Mai sayen tsohon fifti na Canon, samfurin f/1.8 II, ya juya bayansa ya karanta sunan kamfanin: a 2016 Canon ya yi gargaɗi cewa akwai jabunsa, kuma alamar ita ce an haɗe rubutun CANON da INC babu tazara a tsakani.

In ta intanet ne kuma ba za ka taɓa kayan ba sai sun iso tasha, ka nemi bidiyon wannan gwajin fitila da lambar jikin lens ɗin a bayyane, ku kuma yi magana a rubuce kan kwana nawa kake da su na mayarwa. Wanda ya ƙi yarda da ko kwana biyu, nemi wani. A cikin kuɗin da ka ware ka bar na hular lens da ɗan famfon hura iska da 'yan ƙullin silika na jaka saboda damina, kuma da hunturu kada ka canza lens a tsakiyar fili. Shiga mota ko zaure, ka kashe kyamarar, ka kifa bakinta ƙasa, sannan ka cire.